Shin bakteriya tana iya kwana shekara miliyan 25 cikin ƙaro ta farka?

Malam, saƙonka ya iso, Allah ya saka da alheri bisa yadda kake kula da yaran nan. Ka ce ɗalibanka na ajin ƙarshe a lise, can Tahoua, sun zo maka da wani bidiyo da ke yawo a waya, inda aka ce masana sun fasa wani ƙaron itace da ya daskare tun shekaru miliyoyi, suka ciro ƙwayoyin bakteriya daga ciki, suka ba su abinci, sai ga su sun farka suna hayayyafa. Kana so ka san ko gaskiya ne, in kuwa gaskiya ne, ta yaya abu mai rai zai yi wannan dogon zama ba ci ba sha. Nazarin ƙananan halittu shi ne aikina a nan Yamai, kuma wannan magana tana cikin waɗanda suka daɗe suna raba kan masu sana'armu. Labarin ba ƙage ba ne, an yi binciken, an kuma buga shi a babbar mujallar kimiyya. Amma in ka ce mini na yarda an tayar da ƙwaya mai shekara miliyan 25 daga cikin ƙaro, sai in ce maka hujjar da aka kawo ba ta kai in tsaya gaban aji in ce e ba. Abin da aka tabbatar game da juriyar waɗannan ƙwayoyi kuwa, shi kaɗai ya isa abin mamaki, kuma ya fi shafar mutanen Adar da Azawak kai tsaye.

Mu fara da ƙaron kansa, don a nan ɗalibai sukan ruɗe. Ƙaron dakwara da ake zubawa a tawada, in ka jefa shi a ruwa narkewa yake yi, saboda haka ba ya zuwa ko'ina, damina ɗaya ta ishe shi. Wanda ake magana a kansa shi ne irin na maje da hano da dashi, wanda mata ke jefawa a kasko don turare: ruwa ba ya narkar da shi, yana da ƙamshi, yana cin wuta. Itace yana fitar da shi ne don ya toshe rauni, ya maƙale ƙwarin da ke huda shi, ya kuma hana ruɓa shiga jikinsa, domin akwai sinadarai a cikinsa masu hana ƙananan halittu yaɗuwa. In irin wannan ƙaro ya faɗi ƙasa, ruwa ya kwashe shi, laka ko yashi suka binne shi, to sannu a hankali ɓangarensa mai ƙamshi yakan fice, sauran sinadaran su sarƙe da juna, ya yi tauri. Wanda ya yi tauri amma bai wuce ƴan shekaru dubbai ba ana ce masa kopal. Sai ya yi miliyoyin shekaru a ƙarƙashin ƙasa, cikin ɗumi da nauyin abin da ke kansa, sannan ya zama amba, dutsen nan mai launin zuma da ake yin carbi da sarƙa da shi.

An fi samunsa a bakin tekun Baltik, musamman yankin Kaliningrad na Rasha. Na ƙasar Myanmar ya kai kimanin shekara miliyan 99, na Lebanon ya fi haka tsufa, a nahiyarmu kuma an same shi a Habasha. Wanda ya jawo maganar taka daga Jamhuriyar Dominika yake, a yankin Karibiyan, kuma itacen da ya zubar da shi, Hymenaea, dangi ɗaya suke da majen da muka sani.

Babu musu, amba gwani ne wajen adana kamanni. Ƙwaro yakan maƙale, wani ƙaron ya sake malalowa ya rufe shi, ruwan jikinsa ya tsotse, ruɓa ba ta samu hanya ba. Bayan shekara miliyan 99 sai ka sa shi a madubin likita ka ga gashin ƙafarsa ɗai-ɗai, ka ga jijiyoyin fiffikensa. Sai dai adana kamanni daban, adana rai daban. Da yawa daga cikin ƙwarin nan in aka haska cikinsu sai a tarar da rami ne kawai, an bar siffar jiki da ɗan baƙin shafi a bango, naman ya tafi tuntuni. Ka riƙe wannan, za mu koma gare shi.

To ita bakteriyar fa, da me take taƙama? Yawancin bakteriya ba su da wata dabarar dogon zama, in abinci ya ƙare ko wuri ya bushe, kwanaki ko makonni sun mutu. Amma akwai wasu dangi biyu sanannu, Bacillus da Clostridium, da Allah ya hore wa wata hikima. In ƙwayar ta ji yunwa ta matso, sai ta kwafi kundin gadonta, wato ADN, ko DNA kamar yadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke cewa, ta ware kwafi ɗaya a gefe guda na jikinta, ta shiga naɗe shi da riguna, riga bisa riga. Aikin yakan ɗauki wajen awa 8 a ɗakin gwaji. In an gama, uwar ta fashe ta mutu, ta saki wannan ɗan ƙunshi da muke kira sipor. Ferdinand Cohn da Robert Koch ne suka bayyana shi a Jamus a 1876, shi Koch a jikin ƙwayar da ke kawo ciwon saifa na dabbobi.

Abin da ke cikin ƙunshin nan ya cancanci a tsaya a kansa. Da farko an matse ruwan cikinsa sosai, ya ragu ƙwarai bisa na ƙwaya mai aiki, kuma inda ruwa ya yi ƙaranci yawancin ayyukan sinadarai tsayawa suke yi. A madadin ruwan an cika shi da wani sinadari mai suna dipikolinik haɗe da kalsiyom, wanda yakan kai kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin busasshen sipor, yana riƙe kayan ciki kada zafi ya wargaza su. Shi kansa ADN ɗin ba a bar shi tsirara ba, wasu ƙananan furotin ne ke lulluɓe shi daga farko har ƙarshe, suna ma sauya masa yanayin murɗewa, ta yadda hasken rana da zafi da bushewa ba sa yi masa ɓarna kamar da. Daga waje kuma ga ɓawo mai kauri da ke tare guba da sinadaran da ke narkar da ƙwayoyi. A wannan hali sipor ba ya ci, ba ya numfashi, ba ya girma. Abin da ya rage masa a buɗe shi ne wasu ƴan na'urorin ji a jikin fatarsa ta ciki, masu jiran alamar abinci. Da zarar ruwa ya zo da abin da suke jira, kamar sinadarin alanin, cikin mintoci sai ya zubar da dipikolinik ɗin, ya sha ruwa, ya fasa rigunan, ya gyara abin da ya lalace a ADN ɗinsa, ya koma ƙwaya mai rarrabuwa.

Ba sai ɗalibanka sun je wata ƙasa ba kafin su ga aikin sipor, yana cikin tukunyar miyarsu. Mai yin daddawa takan dafa kalwa na tsawon sa'o'i har ta yi laushi, ta surfe, ta wanke, ta sake dafawa, sannan ta zuba a ƙwarya ko kwando ta lulluɓe da ganye da tsumma ta ajiye a wuri mai ɗumi. Wannan dahuwa ta kashe kusan duk wata ƙwaya da ke jikin kalwar. Amma bayan kwana biyu ko uku, in ta buɗe, ga yauƙi yana zare tsakanin ƙwayoyin kalwar, ga warin nan mai hawa kai. Bacillus subtilis ne da ƴan'uwansa suka yi wannan aiki. Sipor ɗinsu, wanda ya tsallake tafasa da wanda ke maƙale a ƙwarya da ganye, shi ya farka ya tarar da fili babu abokin takara. Haka ma daddawar batso da ake yi da ƴaƴan yakuwa. Wannan juriya ce ta sa a asibiti ba a wadatuwa da tafasa kayan fiɗa, sai an sa su a otoklab, tukunyar tururi mai matsi, a zafin digiri 121 na aƙalla minti 15.

Shekara nawa sipor ke iya jira? Inda muke da tabbaci, ga shi. A 1942 sojojin Birtaniya sun gwada makamin ciwon saifa a kan tumaki a wani ɗan tsibiri mai suna Gruinard a Sikotland. Ƙasar tsibirin ta ci gaba da zama haɗari shekara da shekaru, sai a 1986 aka feshe ta da tan 280 na formol, wani sinadarin kashe ƙwayoyi, gauraye da ruwan teku, ba a kuma ce ta tsarkaka ba sai 1990. An kuma aika sipor na Bacillus subtilis sararin samaniya a jikin wani tauraron ɗan Adam na Amurka da ya zauna can daga 1984 zuwa 1990, waɗanda aka kare daga hasken rana kai tsaye da dama sun dawo da rai. Shekaru gommai dai babu mai jayayya a kansu, ɗaruruwa ma akwai shaidu masu ƙarfi. Daga nan ne hanya ke fara duhu.

Yanzu ga labarin da ke cikin bidiyon. A 1995 Raúl Cano da Monica Borucki, na wata jami'ar fasaha da ke San Luis Obispo a jihar Kalifoniya, suka buga a mujallar Science cewa sun tayar da sipor daga cikin cikin wata ƙudan zuma marar harbi da ta maƙale a amban Dominika, irin ƙudan da ya riga ya ƙare a duniya. Suka ce shekarun ambar tsakanin miliyan 25 ne da 40. Zaɓen ƙudan zuma ba a banza suka yi ba, don an san danginta na yau suna ɗauke da Bacillus a cikinsu. Sun wanke bayan dutsen da magungunan kashe ƙwayoyi, suka fasa shi a wuri mai tsabta, suka ɗebo abin da ke cikin ƙudan suka sa a romon renon ƙwayoyi. Abin da ya tsiro ya yi kama ƙwarai da Bacillus sphaericus. Bayan su wasu suka biyo: a 1998 aka ba da labarin wata sabuwar ƙwaya daga amban Dominika aka raɗa mata Staphylococcus succinus, wata tawaga kuma ƙarƙashin Charles Greenblatt a Birnin Ƙudus ta ce ta samo Micrococcus luteus daga amba mai shekara miliyan 120. A shekarar 2000 Russell Vreeland da abokan aikinsa suka wuce kowa, suka buga a mujallar Nature cewa sun tayar da ƙwaya daga ɗigon ruwan da ke cikin ƙanƙarar gishiri mai shekara miliyan 250, daga ƙarƙashin ƙasa a jihar New Mexico.

Mutanen nan ba maƙaryata ba ne, kuma sun yi iya ƙoƙarinsu wajen tsabta. Matsalar tana cikin yanayin aikin kansa. Duk wanda ya yi renon ƙwayoyi a ƙasar nan ya san abin da nake nufi. Lokacin hunturu, in buji ya taso, ka buɗe farantin reno na ɗan lokaci a kan tebur ka rufe, ka sa a ɗumi. Kashegari za ka tarar da shi ya yi tabo-tabo, wasu fari-fari masu faɗi da bushewar fuska da gefe kamar an yayyage, kuma in ka duba su a madubi yawanci Bacillus ne, daga ƙurar da ba ka ma gan ta tana sauka ba. Sipor guda ɗaya tak ya isa ya cika kwalbar romo cikin dare. Ka ga ke nan mai neman tsohuwar ƙwaya yana neman abin da ya fi kowane abu kama da baƙon da ke shigowa ta taga. Kuma magungunan da ake wanke bayan dutse da su, sipor shi ne halittar da ta fi kowace jure musu. In akwai ɗan tsagi siriri a jikin ambar da ido ba ya gani, ƙwayar ƙasa ta zamanin nan za ta iya shiga ta fake, magani bai kai gare ta ba.

Dubi kuma su waye aka ce an tayar. Bacillus sphaericus ƙwayar ƙasa ce da ake samu ko'ina, har ana sayar da ita a matsayin maganin tsutsar sauro. Micrococcus luteus a fatar ɗan Adam take zama, da cikin ƙurar ɗaki. Staphylococcus succinus daga baya an same ta a cuku da naman da aka sarrafa a Turai. Waɗannan biyu na ƙarshe ma ba sa yin sipor ko kaɗan, wato ba su da rigunan da muka lissafa. Ta gishiri kuwa, da aka gwada gadonta, sai ta fito kusan daidai da wata ƙwaya da ke rayuwa yau a Tekun Gishiri na Gabas ta Tsakiya, wanda ake kira Mataccen Teku. Shekara miliyan 250 ya wuce farkon zamanin dinosor, manyan dabbobin nan da suka ƙare tun kafin zuwan ɗan Adam. A ce ƙwaya ta kwanta tun lokacin, danginta na waje suna ta hayayyafa suna sauyawa, sannan ta farka ta tarar ba su bambanta da ita ba? Wannan ita ce tambayar da masana gado irin su Dan Graur suka yi, kuma a ganina ba a ba ta amsa mai gamsarwa ba. Ko shekarun ambar ma an sake duba su: a 1996 Manuel Iturralde-Vinent da Ross MacPhee suka nuna cewa amban Dominika bai wuce shekara miliyan 15 zuwa 20 ba.

Abin da ya fi nauyi a wurina shi ne maimaitawa. A kimiyya in ka ce ka ga abu, sai wani, a wani ɗakin gwaji, da hannunsa da kayansa, ya bi hanyarka ya ga abin da ka gani. A farkon shekarun 1990 an yi ta shelar samun ADN na ƙwari daga amba, har da na wani ƙwaro daga amban Lebanon da shi Cano ya buga a 1993. Sai Jeremy Austin da abokansa a gidan tarihin halittu na Landan suka zauna suka bi sawu, a ɗakin da aka keɓe don wannan aiki kaɗai, suka buga a 1997 cewa ba su samu ADN na ƙwaron ko ɗaya ba, abin da ya fito duk na baƙi ne. A 2013 David Penney da tawagarsa a Jami'ar Manchester suka gwada da sababbin na'urori, a kan ƙudan zuma marasa harbi da ke cikin kopal na Kolombiya, ɗaya bai kai shekara 60 ba, ɗaya kuma wajen shekara 10,600. Nan ma babu. Inda aka dace, a 2020, ƙwari ne daga ƙaron Hymenaea na Madagaska da suka yi shekara 2 da shekara 6 kacal a ciki. Wato ƙaro, duk da kyawun da yake adanawa, ba wurin ajiyar ADN ba ne mai kyau. Iska tana ratsa shi a hankali, kuma ɗumin da ke mai da shi amba shi ne kuma ke cin abin da ke ciki.

Shi ADN zare ne mai tsinkewa da kansa ko ba a taɓa shi ba. A 2012 Morten Allentoft da abokansa suka auna ƙasusuwa 158 na wani babban tsuntsu marar tashi na ƙasar New Zealand mai suna mowa, suka gano cewa a yanayin da aka binne su, duk bayan shekara 521 rabin guntayen da suke aunawa sun tsinke. Mafi tsufan ADN da masana suka amince da shi a yau shekara miliyan 2 ne, daga daskararriyar ƙasar arewacin Girinland, an buga shi a 2022, kuma guntaye ne ƙanana aka harhaɗa da kwamfuta, ba abu mai rai ba.

Adalci ne in faɗi abin da masu goyon bayan Cano za su ce: ADN na cikin ƙashi tsirara yake, na cikin sipor kuwa a bushe yake, a lulluɓe. Gaskiya ne, kuma shi ya sa sipor ke daɗewa fiye da kima. Amma akwai abin da riguna ba sa tarewa. Kowace ƙasa da kowane dutse suna fitar da ɗan tururin nukiliya daga yuraniyom da toriyom da fotasiyom da ke cikinsu. Kaɗan ne ƙwarai, mu ba ya damunmu, don jikinmu kullum cikin gyara yake. Sipor kuwa ba ya gyara komai sai ya farka. Kamar ɗakin ƙasa ne da aka kulle aka yi tafiya: kullewar ta hana ɓarawo da akuya shiga, amma babu mai yaɓe, kowace damina tana cin nata, har ranar da mai ɗaki zai dawo ya tarar abin ya wuce gyara. Tsinkewa tana taruwa ɗaya bisa ɗaya, in ta yi yawa, ko da abinci ya zo, ƙwayar ba za ta iya haɗa kundinta ta karanta ba.

A nan ne binciken baya-bayan nan ya juya tunaninmu, kuma wannan ɓangaren nake so ɗalibanka su fi riƙewa. A 2007 Sarah Johnson da tawagar Eske Willerslev suka duba daskararriyar ƙasa ta Saberiya da Kanada da Antatika. A samfuran da suka kai kimanin shekara 500,000, waɗanda suka rage da dogon ADN lafiyayye ba masu sipor ba ne. Wasu ƙwayoyi ne da ba su kwanta gaba ɗaya ba, suna ɗan numfashi can ƙasa-ƙasa, daidai abin da zai ishe su gyaran kundinsu. A 2020 kuma Yuki Morono na hukumar binciken teku ta Japan da abokansa suka ba da rahoto kan lakar da aka haƙo a 2010 daga ƙarƙashin kudancin tekun Pasifik, inda abinci ya fi ƙaranci, mafi tsufanta shekara miliyan 101.5. Suka ba ƙwayoyin cikinta abinci mai alama, suka ga sun ci, sun rarrabu, a wasu samfuran yawansu ya ninka sau dubbai cikin kwana 68. Su ma yawancinsu ba masu sipor ba ne. Sai dai a lura, shekarun lakar ne aka auna. Ko ƙwaya ɗaya ce ta rayu tsawon wannan zamani, ko jikokin jikoki ne da ke rarrabuwa sau ɗaya cikin ɗaruruwa ko dubban shekaru, wannan ana kan bincikensa. Ko ma wanne ne, a laka akwai ɗan ruwa, akwai ɗan iskar shaƙa, akwai ɗan abin tsotsa. A cikin amba babu ruwan da za a yi ko wannan ɗan aikin da shi. Shi ya sa na fi sakin jiki da labarin laka bisa labarin ƙaro, ko da yake shekarun laka sun fi yawa.

Me zai sa in canza ra'ayi? A raba dutse ɗaya gida biyu ko uku, a aika ɗakunan gwaji daban-daban da ba sa renon irin wannan ƙwaya, a shafa wa bayansa wata ƙwaya mai alama kafin wanki don a ga ko wankin yana kaiwa ko'ina, sannan duka su fito da abu ɗaya, a karanta gadonsa gaba ɗaya a ga ya dace da tsufan da ake faɗa. Akwai kuma masu bin doguwar hanya. A 2014 Charles Cockell na Jami'ar Edinburgh da abokan aikinsa na Jamus suka rufe busassun sipor na Bacillus subtilis da wata ƙwaya ta daban cikin ɗaruruwan ƙananan kwalabe, da tsarin a riƙa buɗe wasu duk shekara 2 a farko, daga baya duk shekara 25, har zuwa 2514. Sun bar wasiyya a riƙa sake kwafe bayanin aikin don na baya su iya karantawa. Ka ga mutanen da suka san sipor ciki da waje suna ganin ko shekara 500 ma sai an auna kafin a faɗa.

Ka ce wasu yaran sun tsorata, suna tambaya ko fasa irin wannan dutse zai iya sako wata tsohuwar annoba. Ka kwantar musu da hankali game da amba. Abin tsoron yana kusa da gida. Ciwon saifa, da harbin daji, da tetanos mai sandarar da jiki, duka ƙwayoyi ne masu sipor, kuma ƙasa ce ma'ajiyarsu. Saniyar da ciwon saifa ya kashe, jininta cike yake da ƙwayar, kuma ƙwayar tana yin sipor ne sosai in iska ta taɓa ta. Saboda haka ranar da aka farke gawar, ko aka feɗe ta don kada fata ta tafi a banza, ko aka ja ta a ƙasa jini yana zuba, an shuka cutar a wannan wuri na shekaru masu yawa. Manoman Faransa suna da gonakin da suke kira la'anannu, don duk garken da ya yi kiwo a ciki sai ya yi asara, har Louis Pasteur ya danganta abin da gawarwakin da aka binne a wurin, ya kuma gwada rigakafinsa a bainar jama'a a 1881. A 2016 a yankin Yamal na arewacin Rasha, bayan wani zafi da ba a saba gani ba ya narkar da saman daskararriyar ƙasa, cutar ta ɓarke, dabbobin kiwo fiye da 2,000 suka mutu, da wani yaro ɗan shekara 12, a yankin da rabonsa da ita tun 1941, kuma an riga an daina yi wa dabbobin rigakafi. Yaran da iyayensu ke kiwo wajen Abalak ko Cintabaradan su kai wannan gida: dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini yana fita ta hanci ko ta baya ba ya daskarewa, ba a yanka ta, ba a feɗe ta, ba a cin namanta, a kira ma'aikacin dabbobi, a ƙone ta ko a binne ta da zurfi nesa da rijiya da tafki, a kuma kai sauran garken rigakafi duk shekara.

In kana so su gani da idonsu, gwajin Cohn yana da sauƙi, ba ya bukatar kuɗi. Ku samo busasshiyar ciyawa mai tsabta, ba daga inda dabba ta mutu ba, ku yayyanka ku jiƙa a ruwa, ku tace, ku tafasa ruwan kamar minti 10. Ku zuba shi da zafinsa a kwalbar da aka dafa, ku toshe bakin da auduga, ku ajiye a inuwa cikin aji. Ku yi wata kwalbar da tafasasshen ruwa zalla, don a samu abin kwatantawa. Bayan kwana biyu ko uku, a yanayin zafin Tahoua, ruwan ciyawar zai yi gurɓi, wata ƴar fata mai yamutsewa ta kwanta a samansa, alhali ɗayar tana nan garau. In lise ɗinku tana da madubin likita, ɗigo ɗaya daga fatar nan zai nuna muku ƴan sanduna jere-jere, bayan wasu kwanaki kuma ku fara ganin wani ɗan abu mai sheƙi a cikin wasunsu, shi ne sabon sipor. Kada kowa ya shinshina ko ya ɗanɗana, su wanke hannu da sabulu, in an gama a cika kwalbar da ruwan jabel ta kwana kafin a zubar.